Karkarwar mota otomatik: kafin a ɗora wa konbata laifi

Mota otomatik tana tafiya lafiya lau a miƙaƙƙiyar hanya, gudu tsakanin kilomita 50 zuwa 80 a awa, ƙafar direba na kan totur sama-sama, sai jikin motar ya ɗauki karkarwa na daƙiƙa biyu ko uku kamar ta hau gargada, alhali kwaltar sumul take. A ƙara taka totur, karkarwar ta ɓace. A sassauta, ta dawo. Wata motar kuma ba karkarwa take yi ba. Sai an yi doguwar tafiya an zo tsayawa, ta kama fizge-fizge, inji ya mutu, irin yadda motar manuwal ke yi idan an manta ba a taka mata kuloci ba. Wata ko alama ba ta nunawa, illa shan mai ya ƙaru, giya na zafi, fitilar inji ta kama a dashbod.

Duk waɗannan ƙorafe-ƙorafe wuri ɗaya suke nunawa, wato kulocin da ke cikin konbata. Shi ya sa hukuncin da aka fi yankewa shi ne a sauke giya a canza konbatar. Wani lokaci hukuncin daidai ne. Amma sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, domin wannan kuloci ba ya yin komai da ra'ayin kansa. Shi ne na ƙarshe a jerin masu karɓar umarni, kuma duk wanda ya yi kuskure a samansa, a jikinsa ake gani.

Konbata ita ce wannan kewayayyar tukunyar ƙarfe da ke tsakanin inji da giya, a rufe ruf da walda, cike da man giya. A cikinta akwai fanka biyu masu fuskantar juna. Ta farko a jikin murfin take, inji ne ke juya ta, ita kuma tana watsa mai da ƙarfi. Man ne ke bugun fukafukan ta biyu, wadda ke haɗe da sandar da ta shiga cikin giya. Tsakaninsu akwai wata ƙarama da ba ta juyawa sai gefe ɗaya, aikinta shi ne ta karkato man da ke dawowa ya taimaka wa ta farko, abin da ke ninka ƙarfin juyi kusan sau biyu lokacin da mota ke tashi daga tsaye. Babu ƙarfen da ya taɓa ƙarfe. Wannan ne ya sa mota otomatik ke iya tsayawa tana cikin giya ba tare da inji ya mutu ba. Asalin dabarar ta injiniyan Jamus ce, Hermann Föttinger, wanda ya yi rajistarta a 1905 saboda jiragen ruwa, kuma kamfanin Buick ya shigo da ita motocin hawa a 1948.

Sai dai haɗin mai yana da tsadarsa. Fanka ta biyu ba ta taɓa kamo ta farko. Idan inji na juyi 2,000 a minti, ita kuma tana 1,800, wannan ɗari biyun da ke tsakani ba ƙasa ya faɗi ba, zafi ya koma a cikin mai. A lokacin tashi ana bukatar wannan santsi. A kan doguwar hanya kuwa asara ce zalla. Maganin shi ne a sa faranti mai ɓawon kuloci a cikin konbatar, wanda idan gudu ya daidaita zai manne da murfin gaba, inji da giya su zama abu ɗaya. Packard ya yi haka tun 1949, aka yi watsi da abin saboda fetur na da arha a lokacin, sai da tsadar mai ta shekarun 1970 ta matsa sannan Chrysler ya dawo da shi a 1978, sauran kamfanoni suka bi sahu.

Yadda farantin ke kamawa da sakewa shi ne abin da ya kamata mai gyara ya riƙe a kansa, domin a nan yawancin matsalolin suke. A tsarin da ya fi yawa, idan ana son kulocin a sake, mai yana shigowa ta ramin da ke tsakiyar sandar giya, ya shiga tsakanin farantin da murfi ya raba su. Idan ana son ya kama, sai a zubar da wannan man na gaba, matsin da ke bayan farantin ya danna shi a jikin murfi. Wanda ke juya hanyar man bawul ne a cikin gidan bawul na giya. Wanda ke tura bawul ɗin solanoyid ne, wato ɗan makunni mai aiki da wutar lantarki. Wanda ke ba solanoyid wuta kwamfutar giya ce. Ita kuma kwamfutar ba ta yanke shawara sai ta ji daga sensa-sensa: gudun mota, yawan taka totur, zafin inji, zafin man giya, da makunnin birki. Hannu biyar ko shida ke nan kafin a kai ga ɓawon kulocin.

Motocin da, kamawa ɗaya suke yi, ko a kulle ko a sake. Na yanzu ba haka ba ne. Kwamfuta tana kunna solanoyid tana kashewa da sauri sosai don ta auna matsin da take so, kuma a motoci da yawa da gangan ake barin kulocin yana ɗan zamewa, juyi ashirin zuwa hamsin a minti, don ya shanye bugun inji kada direba ya ji. Ana kuma kulle shi da wuri, tun a ƙananan giyoyi, saboda tsimin mai. Ma'ana ɓawon da a da yake kamawa ya huta, yanzu yini yake yi yana goga a jikin ƙarfe. Abin da ke hana wannan gugar zama karkarwa sinadarai ne da ke cikin man giya, masu daidaita yadda ɓawo ke riƙe ƙarfe. Idan suka ƙare saboda tsufa ko zafi ko danshi, ɓawon sai ya riƙa cafkewa yana sakewa sau da yawa a daƙiƙa guda. Duk wanda ya taɓa jan tebur mai nauyi a kan siminti ya san abin: ba ya tafiya sumul, tirjewa yake yana zabura. Wannan ita ce karkarwar da direba ke ji a kujera.

Saboda haka man giya ba abin da ake dubawa a ƙarshe ba ne. Akwai tarihi a kan wannan. Giyar Ford ta 4R70W ta yi suna da karkarwa a shekarun 1990, kuma canza mai zuwa Mercon V ya warkar da motoci da dama. General Motors ya sha irin wannan ƙorafi a giyoyinsa masu hawa takwas, 8L90 da 8L45, kuma umarnin da ya bai wa garejinsa shi ne a fitar da tsohon man gaba ɗaya a zuba wani sabon nau'i. Honda ma ta fitar da gyara na sabunta manhajar kwamfuta tare da wanke mai a wasu motocinta. A duk waɗannan, matakin farko da masu ƙera motar suka ɗauka ba sauke giya ba ne. Abu biyu dai ya kamata a sani. Na farko, man giya irin su Dexron VI da ATF+4 da Toyota WS da Honda DW-1 ba ɗaya ba ne ko da launinsu ya zo ɗaya, domin kowanne an haɗa shi ne daidai da irin ɓawon da ke cikin giyarsa. Na biyu, kwance kasko a zubar da mai ba ya fitar da fiye da sulusi zuwa rabin man, sauran yana cikin konbata da bututu. Shi ya sa ake maimaita zubarwa da cikawa har sau uku, ana ɗan tafiya a tsakani, ko a yi amfani da na'urar musayar mai.

Amma kafin a kai ga mai ma, akwai tambayar da ake yawan tsallakewa: shin giyar ce ma ke karkarwa? Gwajin da kowa ya sani shi ne, lokacin da karkarwar ta fara, a riƙe totur yadda yake, a ɗan taɓa birki da ƙafar hagu daidai yadda fitilar birki za ta kama. A motoci da yawa kwamfuta za ta saki kulocin nan take. Idan karkarwar ta tsaya, sai a ce an kama ɓarawo. To, a nan ne ake yaudaruwa. Injin da ke misin, wato wuta na tsallake wata silinda, saboda fulogi ya gaji ko kwayil ya fara mutuwa, ya fi yin sa a daidai wannan yanayi: juyi ƙasa-ƙasa, giya ta sama, kaya a kan inji. Muddin konbata na sake, mai yana shanye bugun, ba a ji. Da zarar ta kulle, kowane tsallaken wuta zai bi ƙarfe ya isa tayoyi. Ka taɓa birki, kuloci ya sake, bugun ya ɓuya, kai kuma ka tafi da tabbacin cewa konbata ce. Gwajin birki yana nuna cewa karkarwar tana da alaƙa da kullewa, bai nuna wanda ya haifar da ita ba. Wasu sababbin motocin ma ba sa sakin kulocin da taɓa birki, wasu kuma rage wutar inji suke yi idan sun ga an taka birki da totur tare.

Abin da ke raba gardama lamba ɗaya ce a na'urar sikanin, wadda ake jonawa da kwamfutar mota don karanta bayananta: bambancin juyin inji da juyin sandar shiga giya, wato yawan zamewar kuloci. A fita da motar mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na kallon na'ura, a sa wannan lamba kusa da umarnin da kwamfuta ke bai wa solanoyid. A lafiyayyar mota, umarni na hawa, zamewa na sauka sumul daga ɗaruruwa zuwa kusan sifili ko zuwa ɗan abin da aka ƙayyade, ta tsaya a nan. Idan lokacin karkarwa lambar tana tsalle, ta hau ta sauka ta hau, alhali umarni bai motsa ba, matsalar tana tsakanin mai da matsi da ɓawo. Idan kuwa lambar na zaune daram a sifili mota na karkarwa, kulocin ya yi aikinsa, a koma kan inji a duba ƙidayar misin ta kowace silinda, a duba robobin da inji ke zaune a kansu da sandunan da ke kai juyi ga tayoyi. Idan umarnin ne kansa ke rawa, yana kamawa yana sakewa, to kwamfuta ce ake yi wa ƙarya. Makunnin birki da ya saki, sensar totur mai tsalle, wayar ƙasa da ta yi tsatsa, har da altaneta mai mataccen diyod da ke watsa hayaniya cikin wayoyi, duk suna iya sa ta riƙa canza shawara.

Akwai kuma motar da kwamfutarta ba ta ba da umarnin kullewa sam, kuma tana da hujja. Galibin motoci ba sa kulle konbata sai inji da mai sun kai wani zafi. Motar da aka cire wa tamostat, wato abin da ke tsare ruwan inji har ya ɗumama, ko wadda nata ya maƙale a buɗe, tana iya yin tafiya mai nisa a yanayin sanyi tana ganin har yanzu ba ta ɗumama ba. Babu abin da ya lalace a giyar, amma fetur zai yi ta tafiya.

Lambobin matsala da kwamfuta ke ajiyewa, waɗanda na'urar sikanin ke nunawa, suna taimakawa idan an karanta su a matsayin ƙorafi, ba a matsayin sunan kayan da za a sayo ba. P0741 na nufin kwamfuta ta ce a kulle amma ta ga zamewa ta wuce iyaka. P0742 na nufin ta ce a sake amma ta ga juyin biyu sun zo ɗaya. P0743 matsalar wuta ce a layin solanoyid, P0744 kuma abu ne mai zuwa yana tafiya. P0740 ita ce mai ruɗarwa: a rubuce tana maganar layin wuta, amma a motocin Chrysler da Honda da yawa tana fitowa ne saboda kulocin bai kama yadda ake so ba, ko da wayoyi lafiya suke. Wanda ya ga P0740 ya ruga ya sayi solanoyid yana iya yin asara. Haka kuma, giyoyin da ba su da sensa a sandar shiga, lissafi kwamfuta ke yi daga gudun fita. Idan wani kuloci daban a cikin giyar ne ke zamewa, lissafin zai ɗora wa na konbata.

Idan lambar ta wuta ce, aikin da sauƙi. A fara daga soket ɗin da ke jikin giya, a duba ko mai ya shiga cikinsa ko ƙusoshinsa sun yi kore. A auna juriyar solanoyid da mita a gwada da abin da littafin motar ya ce, domin kowane iri da nasa adadi. A auna da sanyi, a sake aunawa da zafi, saboda siririyar wayar da ke naɗe a ciki tana iya haɗuwa da safe ta rabu bayan tafiyar awa guda. Na'urar sikanin mai kyau tana iya ba solanoyid umarni kai tsaye: a wasu motocin, idan aka kulle kulocin mota na tsaye cikin giya an taka birki, inji zai shaƙe ko ya mutu, wanda ke nuna cewa daga waya har faranti hanya a buɗe take.

Inda aikin ya fi wuya shi ne idan wuta lafiya, umarni lafiya, amma matsi ba ya isa. Gidan bawul na alminiyom ne, bawul ɗin da ke daidaita matsin kuloci kuma ba ya hutawa, kai-komo yake yi muddin mota na tafiya. Sannu a hankali yana cinye ramin da yake ciki. Da sanyi mai na da kauri, yana toshe giɓin, komai na tafiya daidai. Da mai ya yi zafi ya tsinke, sai ya riƙa zurarewa ta gefen bawul, matsi ya faɗi, kuloci ya fara zamewa. Giyar 4L60E ta General Motors ita ce misalin da masu wannan sana'a suka fi sani. Bayan tafiya mai nisa sai lambar P1870 ta fito, kwamfuta ta ɗaga matsin giya zuwa ƙarshe don ta kare ta, direba ya ji giya ta ɗaya zuwa ta biyu tana dukan baya. A kashe mota a sake tayarwa, ta koma lafiya, har sai ta sake yin zafi. An canza konbatoci masu yawa a kan wannan, matsalar kuma ta dawo, domin ramin bawul ɗin yana nan yadda yake. Gyaran gaskiya shi ne a gwada ramukan da na'urar zuƙar iska, a faɗaɗa wanda ya cinye a sa masa babban bawul ko hannun riga, ko a canza gidan bawul ɗin. Ana yin wannan ba tare da an sauke giya ba. Sauran wuraren da matsi ke tserewa, irin su zoben roba na bakin sandar shiga da bushin ɗin famfo, su kam sai an sauke.

Motar da ke mutuwa a wurin tsayawa labarinta ya ɗan bambanta, kuma lokacin da take yin hakan yana faɗin abubuwa da yawa. Idan sai bayan doguwar tafiya take yi, ta huce kuma ta daina, solanoyid ne ko bawul ke maƙalewa da zafi ko datti. Tsofaffin ƙananan motocin General Motors masu giyar TH125C sun shahara da wannan, har ya zama al'ada a zare soket ɗin a ci gaba da tafiya. A giyar zamani wannan dabara ba ta yiwuwa, soket ɗaya ne ke ɗauke da dukkan solanoyid, kuma giyar da aka ƙera don ta riƙa kullewa za ta dafa manta idan aka hana ta. Idan kuwa da an sa giya, gaba ko baya, inji ke mutuwa ko da sanyi, to a tuhumi bawul da ya maƙale gaba ɗaya, ko toshewar hanyar mai, ko farantin da ya lalace ya manne. A wasu tsare-tsaren, toshewar na'urar sanyaya man giya kaɗai tana hana farantin ja da baya. Ma'aunin da masu gyara suka saba amfani da shi shi ne bututun dawowa ya zubar da kusan lita ɗaya cikin daƙiƙa 20 inji na silo.

Yaushe ne konbatar ce da kanta? Kaskon giya ne ke ba da amsa. Ɗan laushin toka-toka a jikin maganaɗisu ba abin damuwa ba ne. Baƙin gari mai yawa, ɓarɓashin ɓawo, ƙyalƙyalin ƙarfe, da mai mai ƙaurin ƙuna, su ne ke cewa an makara. Idan man ya koma ruwan hoda mai kauri da kumfa, ruwan lagireto ne ya shiga ta inda bututun sanyaya ya fashe, kuma ruwa yana narkar da gam ɗin da ya riƙe ɓawo, don haka ba kulocin konbata kaɗai zai tafi ba. A wannan mataki sabon mai ba zai yi komai ba, haka nan 'yan kwalaben sinadarin hana karkarwa da ake sayarwa. A ganina amfaninsu na gaskiya shi ne gwaji: idan an zuba karkarwa ta tsaya, an gane cewa man ne ya gaji, sai a canza shi da wanda ya dace, ba a zauna a kan kwalbar ba. Abin takaicin shi ne yawancin konbatocin da suka ƙone da ƙaramar matsala suka fara. Bawul mai yoyo ko man da ya tsufa ya sa kuloci zamewa, zamewa ta haifar da zafi, zafin da ya haura digiri 120 a ma'aunin Celsius ya ƙara lalata mai, ɓawo ya ƙone ya watsu cikin giya. Watanni na tuƙi da karkarwa su ne ke mayar da aikin canza mai ya zama aikin kwance giya.

Idan ta tabbata sai an canza, ba a buɗe konbata a gareji da sifana. Masu sabunta ta yanka ta suke yi a inji, su liƙa sabon ɓawo da zafi da matsi, su sake walda, su daidaita nauyinta, su gwada yoyo. Wadda za a sa dole ta dace da injin da giyar, ba wai ta shiga kawai ba, domin ɓawon da aka yi don kamawa ɗaya ba zai jure tsarin zamewa da gangan ba. Dole kuma a gyara abin da ya kashe ta farko, a wanke bututu da na'urar sanyaya ko a canza ta, don tarkacen tsohuwar yana nan a maƙale yana jiran sabuwa. Wajen ɗaurawa, a zuba mata mai tukuna, a tura ta cikin giya ana juyawa har a ji ta faɗa mataki-mataki, ta kama sandar shiga, ta kama sandar ƙaramar fanka ta tsakiya, ta kama famfo. Idan an haɗa giya da inji, ya kamata konbatar ta riƙa juyawa da hannu, kuma a ga 'yar tazara tsakaninta da farantin inji kafin a ɗaure kusoshinta. Idan babu tazarar, ba ta zauna ba, kuma jawo giya da ƙarfin kusoshi zai fasa famfon mai tun kafin a tayar da mota. Bayan an gama, a goge abin da kwamfuta ta koya a kan tsohon kuloci, domin ta saba ba shi ƙarin matsi, sannan a fita da na'urar sikanin a hanyar da karkarwar ta saba fitowa, mai ya yi zafi sosai, a kalli lambar zamewa a giya ta sama da ɗan totur.